Abin da masu kiwon kifin ado suka ce kan tsabtace tsakuwar tanki

Kusan bakinsu ya zo ɗaya: kada a kwashe tsakuwa a wanke ta a famfo, balle a sa sabulu. A jikinta da cikin matatar ruwan tankin ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama, su ne ke mayar da ammoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi, ta koma sinadarin nitirait, sannan nitiret mai sauƙin illa. Kulorin na ruwan famfo kashe su yake yi.

Dabarar ita ce tiyo mai faffaɗan baki. A ajiye bokiti ƙasa da tankin, a cusa bakin tiyon cikin tsakuwa, kashi da ragowar abinci su bi ruwa, tsakuwar ta faɗo. In ta fara hawa, a matse tiyon da yatsa. Yashi kuwa ba a caka shi, sama-sama ake bi, haka ma gindin tsirrai saboda saiwa.

Inda aka yi saɓani shi ne yawan wurin da za a taɓa. Wasu na bin ƙasan gaba ɗaya kowane mako, wasu rabi yau, rabi wani makon. Ni na fi karkata ga na biyun, musamman a tankin da ya daɗe ba a taɓa ba, don dattin da zai taso ba kaɗan ba ne.

Ruwan da za a cire kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya isa. A kashe hita, wato na'urar ɗumama ruwan, tukuna. Sabon ruwa a sa masa maganin kulorin, ɗuminsa ya yi daidai da na tankin.