Ruwa da Taki ko Rabon Taliya?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a taron jam'iyya na mazaɓarmu awa uku aka yi ana surutu, ba wanda ya ambaci ruwan famfo ko taki. Da aka tashi sai aka raba taliya da shinkafa mudu bibbiyu. Ga madatsar ruwa ta Galma nan, amma mu har yau sai mun jira 'yan garuwa. Duk jam'iyyar da ke son ƙuri'ar Zazzagawa ta fara da ruwa da noma, ta daina mayar da mu mabarata.

Maman Ummi: Mabarata? Ɗan'uwa, ka iya bakinka. Ni na karɓi shinkafar nan, marayu huɗu ne a hannuna. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota daga Ƙofar Doka zuwa asibitin Shika sai na yi lissafi. Bara na yi ke nan?

Ɗan Tudun Wada: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ba da ke nake ba.

Malamin Firamare: To da wa kake? Wanda aka ba haƙƙinsa ba mabaraci ba ne.

Baban Halifa: Malam, haƙƙi ba a bin layi a karɓe shi ana ɗaukar hoto. Da Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan Kaduna a 1979, haraji da jangali ya soke. Wannan shi ne kishin talaka.

Malamin Firamare: Kai kullum PRP, jam'iyyar Balarabe. Ai a 1981 aka tsige shi. Ku yi maganar ilimi. Bayan jarrabawar gwajin malamai ta 2017 malamai sama da 21,000 aka sallama a jihar nan.

Baban Halifa: Waɗanda suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu?

Malamin Firamare: Ka taɓa tsayawa gaban ajin da yara ke zaune a ƙasa babu benci? A cikin waɗanda aka kora akwai wanda ya koya maka karatu. Ka janye.

Baban Halifa: Ba zan janye ba.

Maman Ummi: Ni ma har yanzu ban ji an janye "mabarata" ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na bi zancen tun daga farko, kuma ni da na yi aikin koyarwa na ga inda aka dosa: ilimi ne ya kamata jam'iyya ta sa a gaba, a gyara azuzuwa, a mutunta malamai. Ɗan Tudun Wada ya nemi afuwar Hajiya, Baban Halifa ya nemi ta Malam. Batun ruwa da taki kuma a bari sai wani zaman.