Ƙanena ya yi zanen tatu, yanzu wurin ya kumbura

Wata mazauniyar Aboabo:
Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 19 ya je wani shago a nan Kumasi an yi masa zanen tatu a dantse ba da saninmu ba. Yau kwana biyar ke nan, wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi, har ya fara fitar da mugunya. Maganar hukuncinsa a addini na bar wa mahaifinmu, ni lafiyar yaron ce ta hana ni barci. Me ya kamata mu yi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ɗan kumburi a kwana biyun farko ba abin tsoro ba ne, amma mugunya da zafin da ke ƙaruwa alama ce cewa ƙwayoyin cuta sun shiga, saboda haka ku kai shi asibiti yau, kada a shafa masa komai a gida. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye cikin busasshen jini, kuma ko an sauya allura, idan tawadar da aka tsoma wa wani ce aka tsoma masa, hanyar kamuwa tana nan. Ta wannan hanyar nau'in C da ƙanjamau ma suke iya shiga. Tun 2002 ake yi wa jarirai rigakafin nau'in B a Ghana, don haka ku nemo katinsa na awo ku duba ko an kammala masa. Nau'in C kuwa ba shi da rigakafi. A gwada jininsa yanzu, a sake bayan wasu watanni, domin cutar ba ta bayyana nan take.

Wani dattijo daga Asawase:
'Yata, ni a gidan wanzamai na tashi, na ga jarfa iri-iri. Akwai masu jikin da ƙaramin rauni yake zama musu tabo mai tudu da tauri, yana ƙaiƙayi, yana girma har ya wuce inda aka tsaga, kuma mu baƙaƙen fata ya fi samu. Idan akwai mai irin wannan tabo a gidanku, ko a kunne ne bayan huji, ki faɗa wa likitan.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Akwai shi a kunnen yayarmu. Mama ta samo katin a ƙasan akwatinta, yanzu za mu fita.