Neman shawara: tirelar gem ɗin dara da muka haɗa

ɗan_babura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da wani abokina mun haɗa gem ɗin dara na waya da Godot (manhajar haɗa gem), dara dai irin tamu ta gargajiya mai gida 30 kowa da 'ya'yansa 12, kana iya bugawa da waya ko kai da abokinka a waya ɗaya kuma baya cin data. Yanzu muna cikin gwajin nan da Google Play suka wajabta wa sabbin akawun, mutum 12 su gwada gem ɗin na kwana 14, to kafin ya ƙare munaso mu yi tirela, wato gajeren bidiyon tallan gem ɗin. Inda muka kasa daidaitawa shine shi yace mu je bakin kasuwa mu ɗauki dattawa suna buga dara a gindin darbejiya, a sa kiɗa a yi kamar minti 3, ni kuma ina ganin ai gem muke tallatawa ba kasuwa ba, amma gaskiya dara ba gem ɗin gudu da harbi bane, in ka nuna allon kawai mutum zai iya yin gyangyaɗi. Laptop ɗina ma tsoho ne, caji sai a shagon mai sola. Waɗanda suka san harkar a taimaka.

mai_editin_dambatta

Wa alaikumus salam. Minti 3 yayi yawa malam, wlh ko ni da nake son dara bazan kalla ba. Talla a YouTube bayan sakan 5 ake tsallake ta, a sitatus kuwa ko 5 ɗin ba'a baka, yatsa ne kawai. Don haka kada ku buɗe da tambarinku yana juyawa, babu wanda ya san ku tukuna, ku buɗe da daidai lokacin da mutum ya jera uku ya cinye ɗan abokin karawarsa, da ƙarar cin. Nan daɗin dara yake, shi za'a fara gani.

Kafin ka taɓa laptop ɗin ɗauko takarda ka rubuta abin da zai fito daga sakan 1 zuwa 30, ci na farko, sai mutum biyu a waya ɗaya, sai rubutu babba cewa baya buƙatar data, sai wani ci mai zafi, ƙarshe sunan gem da inda za'a same shi. Sannan ka shirya wasan da kanka yadda cin zai zo a inda kakeso, kar ka zauna kana buga wasa goma kana jiran sa'a.

Maganar tsohon laptop, tunda Godot ne in Godot 4 kuke amfani dashi akwai Movie Maker a ciki, yana fitar da bidiyon hoto bayan hoto ne, ko injin yana jan ƙafa bidiyon zai fito sumul, ya fi ka ɗauka da manhajar ɗaukar allo irin OBS yana sarƙewa. DaVinci Resolve na editin bidiyo kyauta ne amma zai wahalar da injinka, ka yanka a CapCut a waya shikenan. Google Play linkin YouTube suke karɓa ba fayil ba, kuma a kashe talla a kan bidiyon. In wataran kun je App Store su sakan 15 zuwa 30 ne kuma abin da ke cikin gem ɗin suke so a nuna.

Malam Na-Ringim

Ɗana, ni ban ga laifin shawarar abokin naka gaba ɗaya ba. Wanda zai sauke gem ɗin nan yawanci wanda ya taso yana ganin ana haƙa gidajen dara a ƙasa ne, ko ɗan garinmu da yake Legas ko Abuja yana kewar gida, shi hannun dattijo yana dangwala tsinke a rami zai tsayar dashi fiye da allo mai kala. Sai dai sakan 2 ko 3 ya isa, hannu kawai, daga nan a juya zuwa waya. Kuma a nemi izininsu tukuna a yi musu bayani, wasu basa son a ɗauke su kuma suna da gaskiya. Kada ko naira ɗaya ta fito a wurin, kun san mutanenmu, yanzu a ce caca kuka kawo wa yara.

Kiɗa kuma kar ku ɗauko waƙar wani sanannen mawaƙi, YouTube na gane ta da kansa, ko a toshe bidiyon ko a ɗora masa talla kuɗin ya tafi wa mai waƙar. Ku samu mai kalangu a garinku ku biya shi ya buga muku.

oga_gidan_gem_gumel

Malam ya gama magana, ni ƙari na ɗaya ne ko biyu. Abin da babu shi a gem kar ya shiga tirela. Gem ɗin Cyberpunk 2077 an sha tallansa kamar me, da ya fito a Disamba 2020 a PS4 sai kwamacala, har Sony suka cire shi daga shagonsu aka riƙa mayar wa mutane kuɗi. Ku babu mai mayar da kuɗi, tauraro ɗaya za'a jera muku a Play Store kuma wannan baya gogewa da sauƙi. Kuma a gaya wa abokinka tirelar GTA 6 ta farko a Disamba 2023 minti ɗaya da rabi ce, ta wuce kallo miliyan 90 a kwana ɗaya, to Rockstar masu GTA da kuɗinsu basu yi minti 3 ba sai mu.

Na biyu, yaran da suke zuwa shagona ba'a YouTube suke ganin abu ba, a sitatus ne da TikTok da abin da aka tura musu ta Xender. Ku yi wata a tsaye domin waya, fayil ƙarami wanda ko netwok ɗin ƙauye zai ɗauka, rubutun da Hausa kuma manya, saboda da yawa a cikin mutane suke kallo murya a kashe. Ku kai wa masu turin fina-finai ranar kasuwa, Maigatari ranar Alhamis ai ba nisa daku, ku roƙe su su riƙa haɗa wa kwastoma da ita.

ɗan_babura

Allah ya saka da alheri, Malam mun gode. Mun tsaya a kan sakan 30, hannun dattawa a farko kaɗan sai ci. Oga, wancan na tsaye ɗin, allon dara namu a kwance yake, in na yanke gefe gidaje biyu suna fita, in bar baƙi sama da ƙasa ne in sa rubutu a wurin ko in sake fitar dashi daga Godot da girman waya?

mai_editin_dambatta

Sake fitarwa, faɗi 1080 tsayi 1920, ka ɗan ja kyamarar baya allon ya shiga duka. Rubutun kuma kar ya sauka ƙasa sosai don TikTok na rufe wurin da sunan akawun.