Me ya sa "I didn't went" kuskure ne?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka, past tense ɗin Turanci ya ɗaure min kai wallahi. Na san ana ƙara -ed, walk ya koma walked, na kuma haddace masu taurin kai irin su go/went da eat/ate, sati biyu ina fama. To amma da na rubuta "I didn't went" da "Did you ate?" sai malami ya ja musu jan biro ya mayar da su go da eat, alhali kuwa jiya abin ya faru. Na duba littafi, misalai kawai ya jero ba bayani. Shin in dai did ya shigo jimla, dole kowane aikatau ya koma asalinsa ne?