Yaya Jacques Tati yake ba da dariya ba tare da surutu ba?

Mai Kyamara, Gawon Nama:
Assalamu alaikum malamai. Masu shirya barkwanci a nan Sakkwato sun dogara da baki. Mene ne sirrin wannan Bafaranshen, Jacques Tati, mai shirya finafinan barkwanci?

Malamin Fim:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An haife shi a 1907, ya rasu a 1982, kuma da wasan bebaye a dandali ya fara. Yakan ja kyamara baya, a ga mutum daga kai har ƙafa tare da wurin da yake. In ka matso kusa da fuska, tafiyar Hulot (mutumin da Tati yake fitowa a matsayinsa a finafinansa) da lemarsa da ɗan gajeren wandonsa duk sun ɓace. Sauti kuwa bayan ɗauka yake saka shi, ƙarar ƙofa da takun takalmi su fi magana fitowa.

Hajiya Mai Tacewa:
Ka kula da kuɗi, ƙanena. Fim ɗinsa Mon Oncle na 1958 ya ci lambar yabo ta Oscar, amma fim ɗinsa Playtime na 1967 ya karya shi. Gari guda ya gina a gefen Paris domin ɗaukar Playtime, ya ɗauka da fim mai faɗin milimita 70 wanda ba kowace silima ke iya haskawa ba. Bashi ya cinye kamfaninsa, abin tausayi wallahi.