Harbin 'yan bindiga: mi ya kamata lokotoro ya rubuta a sartifika?

Baban Nana: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nika nema. Ƙanena direba ne na wani kamfani, 'yan bindiga sunka tare hanya wajen Gabi sunka harbe shi a cinya, an yi mai aiki an sa ƙarfe, alhamdulillahi yana samun sauƙi. Kuɗin da munka kashe sun kai jika 340 duka da magani. Yana da asiransi ta wajen aiki, amma abokin aikinshi ya ce in takarda ta nuna ta'addanci ne ba su biya, don yaƙi da ta'addanci ba su cikin yarjejeniya. Sannan wata ƙungiya mai taimakon waɗanda hari ya shafa ita kuma sai ta ga an rubuta hari ne. Sartifika guda za a ba mu, jibi. In roƙi lokotoro ya rubuta harbin bindiga kawai, ko ya sa ta'addanci?

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya ba shi lafiya. Ku dage da zuma da habbatus sauda, kuma kar ya taka ƙafar da wuri.

Ɗan Madarunfa: jika 340?? an cuce ku, maƙwabcinmu harsashi biyu anka cire mai bai kai 120 ba

Majo mai ritaya: Cire harsashi daban, karayar ƙashi da sa ƙarfe daban, ƙarfen ne mai tsada. Baban Nana ka ji, likita ba ta caji bisa wanda ya yi harbin, aikin da anka yi shi aka biya: radiyo, ɗakin tiyata, kwanan gado, pansama. A littafin CIM-10, wato littafin lambobin cututtuka na OMS, hukumar lafiya ta duniya, rauni yana da lambarshi, karayar cinya S72 ce, sannan a ƙara lamba ta biyu mai nuna sanadi, harbin da wani ya yi da gangan X93 zuwa X95. Lambar ta'addanci Y38 Amurka ce ta sa a nata littafin, sun fara ware irin wagga lamba bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma ko can sai FBI, hukumar bincikensu ta tarayya, ta ce ta'addanci ne kafin a sa ta. Lokotoro abin da ya gani yaka rubutawa. Wa ya yi harbi, aikin jandarma ne, can za ka karɓi takardarsu.

Uwar Marayu: Ni ko wacce takarda ce ba ta amfane ni ba. Maigidana a gona sunka same shi, ya yi wata biyu kwance kafin Allah ya karɓi abinshi, na saida tumakina na saida gadon ƙarfena na aure, har hatsin da munka ajiye na ci. Sartifika ita kanta sai da na biya, kowane ofis na je a ce Hajiya ki dawo da wata takarda, in kawo a ce ba tambari, in sa tambari a ce sunan da ke kan resi bai yi daidai da na katinshi ba don mai kes ya rubuta laƙabinshi. Aka ce an sa sunanmu cikin masu samun taimako, yau yara sun girma ban ga ko dala ba. Ku duba sunan da ke kan kowane resi tun yanzu.

Baban Nana: Innalillahi, Allah ya jiƙanshi Inna. Resi dai suna nan amma biyu na farmasin waje ba suna.

Ɗan Madarunfa: to ai tun Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin likita da rabi, shi ya sa na ce 340 ta yi yawa

Majo mai ritaya: Ragin na aikin cikin likitar gwamnati ne, ordonansi da ka saya farmasin gari ba ruwanta da shi.

Sani Asiransi: Baba Majo da girmanka, amma kai jinya ka sani ba dosiye ba. Mu takardar jandarma muka fara karantawa, ko lokotoro ya rubuta mi. Ya je ya karɓo yarjejeniyar ya karanta, kuma tunda bisa aiki anka harbe shi ya tambayi patoron ko ya kai sanarwa CNSS, wato asusun gwamnati mai kula da haɗarin ma'aikata bisa aiki, akwai wa'adi.

Majo mai ritaya: Yaro, ina cike waɗannan takardu kana goye.

Bazabarmen Zariya 2: Bagobiri ne ƙanen naka? in shi ne ku duba da kyau, ƙila gudu ya yi ya faɗa kan kututture 😂 Allah ya ƙara sauƙi

Baban Nana: kai bawanmu bari sai ya tashi. Sani, ita ƙungiyar za ta karɓi ta jandarma kaɗai?

Ɗan Madarunfa: ni abin da ya fi ci min rai anbilansi. Mutum na zubda jini a ce sai kun kawo kuɗin isansi, mu jika 15 anka ce

Uwar Marayu: Mu 25 munka biya, kuma da dare direba ya ce ba ya bin hanyar sai gari ya waye, a amalanke munka fito da shi har bakin kwalta.

Hajiya Mai Atamfa: 25 daga ina? ai nisan ne aka lissafawa, wane gari kuke?