Musayar Waƙa: Dutsen Mora na Arewacin Kamaru da Ƙauyukan Gindinsa

Baba Ɗan Mora:
Da sunan Allah zan waƙe dutsen Mora,
Shi ne ƙofar arewa ta Mandara.
Daga Marwa kilomita 60 ne,
Ka hango shi tsaye a cikin ƙura.
Dulo na kusa, tsohon birnin Wandala,
Kerawa kan iyakar Najeriya, taku ɗaya ka ƙetara.

Direba daga Marwa:
Baba, gafara dai, ni dutse kawai na gani,
Ko ciyawa babu in rani ya fara.
Masakwar karal, ƙasar laka, ita ke cika rumbu,
Dutse ba ya ba da geron fura.

Goggo ta Meme:
Ɗana, kwalta ka sani, ba ka hau ba,
Je Ujila ka tsaya ka lura.
Ƙabilar Podoko sun jera duwatsu da hannu,
Gona bisa gona suka tsara.
Katangar ke riƙe ƙasa in an yi ruwa,
Da ba ita, da duk ta gangara.
Kowace bazara sai an ɗaga abin da ya rushe,
Kaka ya gina, jika ke gyara.
Ruwan da ya sauko shi ke bin rafi,
Mu na ƙasa da shi muke shekara.
Rafi ya ƙafe, mu tona yashi da ƙwarya,
Ruwa na nan ƙarƙashi yana jira.

Baba Ɗan Mora:
Ƙanwata ta faɗi gaskiya,
Saurara, ɗana, bari in ƙara.
A 1914 sojan Jamus suka haye shi,
Ingila da Faransa suka kasa nasara.
Har Fabrairun 1916 suna can sama,
Duk Kamaru ta faɗi, saura Mora.
Kafin su ma, in masu kamun bayi sun zo,
Nan talaka ke hawa ya tsira.

Goggo ta Meme:
Yaya, ba sai ka je da nisa ba,
Idonmu ya ga masu hijira.
Boko Haram ta tashi Amcide da Kolofata,
Suka iso Mora da Meme ba sutura.
Ƙanwata na ɗakina da 'ya'ya huɗu,
Gonarta can ta zama saura.

Direba daga Marwa:
Goggo, na janye. Allah ya mai da su gida.
Ran Lahadi ina da lodin kasuwar Mora.
In na sauke albasa, Baba, ka tsaya mini,
Mu hau Ujila, ni zan riƙe gora.